Hanga, tsinken tsire da murfin bokiti: kayan zanen sabulu da za ki haɗa da hannunki

Duk mai sayar da sabulun wanka na gida a garin Kaduna ta san yadda cinikinsa yake: kafin mai saye ta kai shi hanci, ido ya riga ya zaɓa. Guda biyu daga kwaɓi ɗaya, mai ɗaya, turare ɗaya, amma wanda fari da baƙi suka murɗe a jikinsa kamar hayaƙin turaren wuta shi ake fara ɗauka. Kayan da masu sabulu na Amurka da Turai suke fitar da wannan zane da su a bidiyo, kusan babu wanda ba za a iya haɗa irinsa da abin da ke Panteka da Kasuwar Bacci ba. Waya ce, da tsinke, da roba, da kwali. Inda aikin yake shi ne sanin kaurin da kowane kayan aiki yake so a kwaɓi, da kuma fuskar da za a yanka sabulun ta ita. Wadda ta lanƙwasa waya ba ta yi wannan lissafi ba, za ta ɓata mai kilo guda ta samu sabulu launin toka.

Kafin a taɓa filaya, sai an san abin da soda take ci. Kwaɓin da bai nuna ba cike yake da kostik soda mai rai, kuma ita ba ta shiri da alminiyum ko kaɗan: tana cin sa, ta fitar da iskar haidirojin, kwaɓin ya yi kumfa ya dafe a inda ƙarfen ya bi. Haka take yi wa wayar da aka shafe da zinki, irin wadda ake ɗaure shinge da ita. Jan ƙarfe na cikin kebur ba ya tafasa a idonki, amma ɗan abin da ya bari a sabulu yana sa mai ya yi saurin lalacewa, bayan makonni ki ga ɗigo-ɗigon ruwan lemo da warin tsohon mai. Abin da ya tsira shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda 'yan Panteka ke ce wa sitenles, sai roba mai lamba 2 ko 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku da ke gindin mazubi. Robar ruwan sha mai lamba 1 ba ta jure ruwan soda, tsagewa take yi. Kada ki dogara da maganaɗisu wajen tantancewa, don sitenles mai kyau ma sau da yawa ba ya kama shi, daidai da alminiyum. Gwajin da ke tona asirin alminiyum shi ne ki yanko guntun ƙarfen ki jefa a cokali biyu na ruwan soda cikin kofin roba, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. In ya fara fitar da ƙananan ƙwayoyin kumfa cikin mintuna kaɗan, kada ki yi aiki da shi. Itace yana aiki, sai dai soda tana tauna shi a hankali har ya fara sakin zare, don haka tsinke na yau ne kawai, gobe a sa sabo.

Sai kwaɓi. Haɗin da aka fi koyarwa a wuraren koyon sana'a, wato alayyadin kamfani zalla, da ruwan sodar da aka auna da haidiromita (ma'aunin ƙarfin ruwan soda), da silikat da soda ash, haɗin sabulun wanki ne. An tsara shi ne don ya kama da wuri, kuma kamawa da wuri ita ce abin da mai zane take gudu. Zane yana son kwaɓin da zai ba ki minti ashirin zuwa talatin yana ruwa-ruwa. Ga haɗi na mai kilo ɗaya da ke ba da wannan sarari: man gyaɗa giram 350, manjan da aka kashe wa launi giram 300, farin alayyadi giram 250, man kaɗe giram 100, kostik soda giram 140, ruwa giram 300. Da sikeli ake auna duka, har ruwan. Wannan soda ta bar kusan kashi 5 cikin ɗari na mai bai zama sabulu ba, shi ne laushin da fata ke ji. In kin canza mai ko ɗaya, lissafin soda ya canza, domin giram ɗaya na alayyadi yana cin soda kusan 0.176, na kaɗe kuwa 0.128 ne kacal. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, da safar hannu da tabarau, yara kuma suna wani ɗakin.

Wannan haɗi yana cika mazubi mai tsawon santimita 25 da faɗin 8 zuwa zurfin 7, ko faranti mai 24 da 20 zuwa zurfin 3. Duk awon da ke tafe, in ban da na bututu, a kan waɗannan biyun aka yi shi.

Kauri kuwa mataki uku ne, kuma kicin ya riga ya ba mu ma'auninsu. Na farko shi ne lokacin da mai da ruwan soda suka haɗe, babu sauran mai da ke yawo a sama, amma kwaɓin yana zuba kamar madara. Na biyu kamar kunun gyaɗa: in kin ɗiga shi daga cokali, layin yana ɗan tsayawa a sama kafin ya nutse. Na uku talge ne, yana zama inda aka ajiye shi. Blandar hannu tana tsallake na farko zuwa na uku cikin daƙiƙu kaɗan, don haka a danna ta daƙiƙa uku, a kashe, a juya da hannu. Ranar da babu wuta ba a yi asara ba, maburgin sitenles ya ma fi ba mai zane iko da kwaɓinta.

Wayar hanga

Ita ce uwar kayan, kuma ita aka fi ɓatawa. Siffarta kamar ƙofar da aka kifar: ƙasa miƙaƙƙe, hannaye biyu a tsaye. Ƙasan ya zama santimita 24 da rabi, wato ya gaza cikin mazubin da rabin santimita. In ya yi cif-cif zai kama takarda ko ledar da kika shimfiɗa ya yage ta. In ya gaza da santimita biyu ko uku, sabulun farko da na ƙarshe za su fito babu zane. Hannayen su kai santimita 20, a lanƙwasa kansu waje don yatsu su samu wurin riƙo nesa da kwaɓi. Kusurwoyin ƙasa su zama a karye sosai da filaya. Kusurwa mai gwiwa tana barin lungun mazubi ba a taɓa ba.

Abin da ake mantawa shi ne kaurin wayar. Hangar da masu wanki da guga ke bayarwa siririya ce, kaurinta wajen milimita biyu ne. A kwaɓi mai kaurin kunun gyaɗa tana ratsawa ne kamar wuƙa a ruwa, launuka su rufe bayanta, ki yanka ki ga layukanki suna nan yadda kika zuba su da ɗan karce kawai. Waya ba ta jan launi sai tana da jiki. Milimita 5 zuwa 6 shi ne daidai ga kauri na biyu, siririya kuma sai ga kwaɓi mai ruwa inda ake son zane mai kama da gashin tsuntsu. Hanya mafi sauƙi ta ƙara mata jiki ita ce a zura ta cikin farin tiyon nan da magina ke duba lebur da shi, tun kafin a lanƙwasa. Tiyon ya rufe ta har saman hannaye, yadda bakinsa ba zai nutse ba, don in kwaɓi ya shiga ciki ba ya fita, kuma zai ci wayar a ɓoye. Kebur ɗin wuta mai jijiya ɗaya, wanda rigarsa ba ta tsage ba, shi ma yana yi, kuma ya fi daɗin lanƙwasawa. Sai dai mai laushi ne, in kwaɓi ya yi talge tsakiyarsa tana lotsawa, zanen tsakiya ya bambanta da na gefe.

Yadda ake tafiyar da ita: a zuba launuka hawa-hawa, ko a zuba farin duka sannan a tsiyayo masu launi daga sama su nutse ciki. A saukar da wayar a jikin bangon da ke kusa da ke har ta taɓa ƙasa, a matsa gaba santimita ɗaya, a ɗago har ta kusa fitowa, a matsa, a sake nutsawa, har a kai ɗaya bangon. Sau shida zuwa takwas ya isa a faɗin santimita 8. Masu son zanen fuffuken malam-buɗe-littafi suna zagaya ta ne da'ira uku ko huɗu daga ƙasa zuwa sama a gefe ɗaya, sannan in an yanka a jera guda biyu fuska da fuska. Hannu yana son ya ƙara, domin ba a ganin abin da ke faruwa a ciki. Kada ki biye masa. Kowane zagaye na ƙari yana cakuɗa baƙi da fari, kuma abin da ya cakuɗe ba ya rabuwa. In an gama a fitar da ita a jikin bango, a buga mazubin a ƙasa sau uku don iskar da wayar ta shigar ta fito, in ba haka ba za a ga ramuka a yanka.

Zanen hanga a tsaye yake cikin sabulu, don haka yankan burodi ake yi masa.

Mataji

Wannan na faranti ne, inda zanen yake a fuska. A samo siririn katako mai santimita 30, ya ɗan fi farantin tsawo don ya hau bakinsa biyu ya zame a kai. A jera tsinken tsire a jikinsa, tazarar santimita biyu-biyu, a ɗaure da salatif mai faɗi ko a huda katakon a cusa su. Kwali mai ruɓi biyu ma yana yi: ramukan cikinsa sun riga sun jeru, sai ki cusa tsinke a kowane rami na huɗu ko na biyar. Abin lura ɗaya ne, tsinkayen su zama tsawo ɗaya kuma su taɓa gindin faranti. Wanda ya tsaya a rabi zai yi zane a sama kawai, wanka uku ya goge shi. Ɓangaren da ba shi da tsini ake nutsawa, don tsinin yana huda leda, kuma ba ya jan launi.

Zanen dawisu mataji biyu yake so. Da farko a zuba launuka layi-layi sirara a tsawon faranti, a ja mataji mai tazarar santimita ɗaya ko biyu ya ratsa layukan sau ɗaya tak. Na biyun layin haƙora biyu gare shi, tazarar santimita 4 tsakanin haƙori da haƙori, santimita 3 tsakanin layi da layi, haƙoran baya suna faɗawa tsakiyar na gaba. Shi ake ja ana karkaɗa shi hagu da dama kamar tafiyar maciji, sai gashin dawisun ya fito. Kauri na farko kawai yake karɓa. In ya kai kunun gyaɗa, haƙoran za su bar kwari a bayansu wanda ba ya rufewa.

Layukan nan sirara ba sa zubuwa daga kofi. Robar da ake matsa rinin gashi da ita, sabuwa, ko ta miyar tumatir, a yanke bakinta ya kai milimita 3 zuwa 4. Wadda ta iya naɗa ledar zanen lalle ta riga ta mallaki abin da ya fi su: a naɗa babba da leda mai kauri, a cika rabi, a yi aiki, a jefar. Ba wanki, kuma ba a asarar abin da ke maƙalewa a jikin roba.

Allunan raba mazubi

Biyu sun isa a faɗin santimita 8, su ba da layi uku. Kwalin indomi da aka naɗe da salatif yana yi sau ɗaya, amma robar allon talla mai ramuka a ciki ta fi, don ba ta jiƙa kuma ana wanke ta. A yanka su daidai tsawon cikin mazubi, su ɗara shi tsayi da santimita huɗu don a samu abin kamawa. A yi ƙananan guntaye biyu masu tsaga, a kafa a kai da ƙarshe su riƙe allunan a tsaye.

Matsalarsu ɗaya ce kuma kullum ita ce: in kin cika layi ɗaya kafin sauran, nauyin kwaɓi zai tura allon ya lanƙwashe, launin ya bi ta ƙasa ya shiga gidan maƙwabci. A zuba santimita ɗaya a kowane layi, a zagayo, a ƙara, su tashi tare. In da mai taimako ya danna allunan ƙasa yayin zubin farko, ya fi. A zare su sama a miƙe, a hankali, kada a girgiza. Daga nan a ɗauki sanda mai kaurin fensir, a nutsa har ƙasa, a yi ta kai da komo daga bango zuwa bango a faɗi, tazarar santimita ɗaya, har ƙarshen mazubi, sannan a zagaya jikin bangon duka sau biyar ko shida ta fuska ɗaya. Wannan shi ne zanen da ake kira na Taiwan. Kuma a nan ne ake kuka ranar yanka, domin in aka yi masa yankan burodi ba a ganin komai sai ratsi uku. Zanensa a kwance yake. A fara yanka sandar sabulun gida huɗu, sannan a kwantar da wuƙa a raba kowane gida biyu ko uku ta faɗi.

Faifan ja daga ƙasa

Wannan ya fi kowanne ban sha'awa a yanka, don yana ba da fure mai kama da zanen hula. Mazubinsa bututun ruwa ne na PVC mai inci 3, tsawon santimita 30, wanda yake cin haɗin mai kusan giram 800. A naɗa ledar bangon fayil a cikinsa, in ba haka ba sabulun ba zai fito ba sai da rigima, a toshe gindin da murfinsa ko leda ruɓi uku da roba. A yanko faifai daga murfin bokitin roba, ya gaza cikin bututun da milimita 3. A huda shi da zafaffen ƙusa ko a fafe da aska: rami ɗaya a tsakiya, shida ko takwas masu siffar ganye kewaye da shi. Ramukan su cinye fiye da rabin faifan. In roba ta fi rami yawa, faifan zai ɗago kwaɓin gaba ɗaya ya zubar miki a hannu maimakon ya ratsa shi. A kankare bakin ramukan, don tsinin narkakkiyar roba yana yaga layi. Ƙaramar rariyar roba ta bakin sinki ma tana yi in ta shiga.

A ɗaura masa zaren lilo uku a gefe, tazara ɗaya, a saukar da shi gindi tun kafin zubi, a maƙale zarurrukan a bakin bututu. A kafa mazurari a tsakiya daidai, a riƙa zuba launuka bi da bi, kowanne ana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Mazurarin da ya karkace yana ba da fure mai gefe ɗaya. In ya cika, a haɗa zaren uku a hannu a ja sama a miƙe cikin daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, ba tsayawa ba murɗawa. Duk inda hannu ya tsaya, sabulun wurin zai fito da tabo. Kauri tsakanin na farko da na biyu yake so.

Launi da turare suna iya rusa duk wannan shiri. Kowane launi a dama shi da cokali ɗaya na man haɗin tun kafin a taɓa soda, ƙaramin cokali ɗaya na gari ga kwaɓi giram 500. Garin gawayi mai laushi yana ba da baƙi mai kyau, in ya yi yawa kumfa ta yi toka. Farin garin launi na titaniyam da farar ƙasa suna shan ruwa, kofinsu yana riga sauran kauri, don haka su ake damawa cikin kwaɓi a ƙarshe, kuma da cokali. Launukan da kaurinsu ya bambanta ba sa tafiya tare a bayan waya, mai kaurin yana dunƙulewa. Zoɓo, duk jansa, soda tana mayar da shi ruwan ƙasa mai duhu. Kurkur da zogale suna kyau ranar yanka, su kwashe wata biyu su koɗe. Cokali ɗaya na jan manja a kofi guda yana ba da ruwan ɗorawa wanda ya fi su daɗewa. Turaren da aka tsinka da sifirit yana daskarar da kwaɓi nan take, mai kanumfari ko kirfa da yawancin masu ƙamshin fure suna gaggauta shi, mai banila kuma yana rina farin ya koma ruwan ƙasa cikin makonni. A gwada kowane sabon turare a kwaɓi giram 100 tukuna.

Yanayin Kaduna ma yana da nasa hannu. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu, kaɗe da manja suna fara daskarewa a cikin kwano, kwaɓin ya yi kamar ya kama alhali mai ne ya yi barci. A zuba shi a haka, gobe a tarar da mai kwance a sama. Mai da ruwan soda su kasance tsakanin digiri 32 da 38 lokacin haɗawa, a lulluɓe mazubin da bargo bayan zubi don zafin ya ratsa ko'ina, in ba haka ba za a ga da'ira mai duhu a tsakiyar kowane yanka. A watan Maris da Afrilu akasin haka ne: kwaɓi yana gudu, don haka a yi aikin bayan asuba, a bar ruwan soda ya huce sarai, kuma kada a rufe da bargo, saman yana tsagewa.

Kayan da aka gama aiki da su kada a kai su bakin famfo nan take, mai ne da soda, suna cin hannu suna toshe magudana. A share su da tsohuwar jarida, a tara a bokiti inda yara ba sa kaiwa, bayan kwana biyu abin da ya rage ya zama sabulu, ruwa kawai zai ɗauke shi. Wannan haɗi mai man gyaɗa yana son kwana biyu zuwa uku a mazubi kafin yanka, da mako huɗu zuwa shida yana shan iska. A yanka da siririyar wayar sitenles da aka ɗaure tamau, ko wuƙa marar haƙora ana goge ta bayan kowane yanka. In akwai gawayi a saman sandar sabulun, a kwantar da ita a gefenta kafin a yanka, don kada wuƙar ta jawo baƙin ta shafa shi a kan farin.